Tamostat Ba Ta Ƙasar Sanyi Kaɗai Ba Ce

Akwai wata magana da ta zauna daram a garejojin Potiskum da tashoshin motar Nangere, har ta kai ba mai tambayar hujjarta. Mutum ya sayo mota 'yar Kwatano, ko tsohuwar motarsa ta fara ɗaukar zafi, shawarar farko da zai ji ita ce: "Alhaji, a cire tamostat ɗin nan kawai, a haɗa fanka dairek. Don ƙanƙara Bature ya sa ta, mu ina ruwanmu da ita?" Ni a ganina wannan shawara kuskure ce, kuma kuskure mai cin aljihu. Amma kafin a kai ga raddi, ya kamata a ba masu ita haƙƙinsu.

Ba da ka suke magana ba. A watan Afrilu zafin yankin nan yakan haura digiri 40, kuma yawancin motocin da ke jigila tsakanin Potiskum da Gashuwa da Damaturu da Azare tsofaffi ne da suka gama rayuwarsu ta farko a Turai. Golf 3 da ta cika tashoshinmu an fara ƙera ta a 1991, dogayen na ƙarshe kuwa sun fito ne a 1999. Makanike ya sha ganin mota ta shigo tana tururi, ya cire tamostat, allurar zafi ta sauka, mai mota ya tafi yana godiya. Ya kuma sha sa sabuwa ta lalace cikin ɗan lokaci, domin kasuwa cike take da jabu. Wanda ya ga wannan da idonsa shekara da shekaru, ba a ce masa ya ƙi gaskata abin da ya gani. Abin dubawa shi ne fassarar da aka yi wa abin da aka gani ɗin.

Mu fara da aikin ita kanta tamostat. 'Yar ƙofa ce da ba ta cika tafin hannu ba, tana zaune a hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto. A cikinta akwai ɗan kwanso mai ɗauke da wani abu dangin kakin zuma. Muddin inji na da sanyi ƙofar a rufe take, ruwa na zagaye cikin inji kaɗai har ya yi ɗumi. In zafi ya kai ma'aunin da aka tsara, kakin ya narke ya kumbura, ya ture ƙofar, ruwa ya wuce lagireto. Ma'aunin a rubuce yake a jikinta: a Golf 3 akan ga 87, a motocin Toyota da yawa 82. Ba ta haifar da zafi, ba ta kuma rage shi da kanta. Aikinta ta riƙe inji a kusan digiri 90, inda aka auna fistin da ringi da baƙin mai su yi aiki.

Daga nan hujjar cewa cire ta na hana zafi ta faɗi. A ranar da aka fi tsoro, wato tsakar rana a bazara, mota ta ɗauki fasinja da buhuna a kan hanyar Gashuwa, lafiyayyar tamostat a buɗe take wangwam. Ba abin da ta tare. A wannan lokaci abin da ke yanke hukunci shi ne ko lagireto na iya fitar da zafin da injin ke samarwa. In yana iyawa, mota ba za ta tafasa ba ko da tamostat a ciki. In ba ya iyawa, za ta tafasa ko an cire ta, sai dai ta ɗan jinkirta. Ke nan cirewar ba ta ƙara wa mota komai a lokacin da ake buƙatar taimako.

Batun cewa ta ƙasar sanyi ce ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Land Cruiser da ake sayarwa sabuwa a Saudiyya da Dubai tana zuwa da tamostat. Hilux sabuwa dal da ake shigowa da ita Najeriya tana da ita. Kudancin Sifen yakan wuce digiri 40 da rani, kuma irin Golf ɗinmu ce ke yawo a can ba tare da an zare mata komai ba. Gaskiya ne wasu kamfanoni kan sa wa motocin ƙasashen zafi wadda ke buɗewa da ɗan wuri. Wannan zaɓen ma'auni ne. Ba su bar gurbinta wayam ba.

Akwai kuma abin da da yawa ba su lura da shi ba. A injuna masu yawa akwai wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji ba tare da ya leƙa lagireto ba, wadda ake amfani da ita lokacin ɗumama. Tamostat irin ta waɗannan injuna tana da wani faifai a gindinta. Idan ta buɗe hanyar lagireto, faifan nan ya toshe gajeriyar hanyar. A cire ta, hanyoyin biyu su zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa inji kai tsaye. A irin wannan inji, wanda ya cire tamostat don neman sanyi ya rage wa lagireto aiki ne a daidai lokacin da ake son ya yi aiki duka.

To, me ya sa mota takan yi sanyi bayan an cire? Dalili biyu ne. Wani lokaci tamostat ɗin ce ta mutu a rufe, kuma wannan yana faruwa, ba musu. In haka ta same ka a daji tsakanin gari da gari, cire ta ka isa gida dabara ce mai kyau. Amma maganin wadda ta mutu shi ne a sa mai rai, kamar yadda ake yi wa fulogi da fambel. Wani lokacin kuma lafiyarta ƙalau, allura ta sauka ne kawai don inji ya daina kaiwa zafin aikinsa a tafiyar da ba nauyi. Direba ya ga allura kwance a ƙasa ya ce alhamdu lillahi, alhali ainihin cutar tana nan tana jiran ranar lodi.

Allura kwance ba alamar lafiya ba ce, kuma a nan kuɗin ke zurarewa. Motar da ke da kwamfuta, wadda makanikai ke kira biren-bos, tana da ɗan ma'aunin da ke gaya mata zafin ruwa. Muddin ya ce inji na da sanyi, kwamfuta za ta ci gaba da ƙara fetur, kamar yadda aka tsara mata ta yi da sassafe. Ko waɗanda aka mayar kafireta ba su tsira ba, domin fetur ba ya ƙonewa sosai a silinda mai sanyi. Ragowar da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai. Danshin da ya kamata zafi ya kore daga cikin man ya zauna, ya haɗu da datti ya zama baƙin kunu. Fulogi ya yi baƙi, salansa ta riƙa warin ɗanyen mai, ringi ya cinye kafin lokacinsa. Da can da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, ana iya kau da kai. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, har lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, ban ga direban haya da zai iya kyautar da mai haka ba.

Kuma wa ya ce ba ma sanyi? A Disamba da Janairu, safiyar hunturu a nan takan sauka ƙasa da digiri 15. Motar da ta tashi daga Sabon Garin Nangere da asuba zuwa Potiskum ba tamostat, gajeriyar tafiya ce, mai yiwuwa ta isa injin bai kai zafin aikinsa ba. Ta tsaya jiran lodi, ta huce, ta sake tashi da sanyi. Haka kullum har hunturu ya wuce.

Ita ma fanka dairek sammakal. A kan kwalta, iskar da gudu ke turowa ta wadatar da lagireto. Fanka don tsayuwa da cunkoso aka yi ta. In aka tilasta mata juyi daga tayarwa har kashewa, tana jan wuta a banza, tana cinye kanta, rannan sai ta tsaya cak, wataƙila a cunkoson ranar kasuwar shanu, lokacin da aka fi buƙatarta. Sau da yawa abin da ya lalace tun farko ɗan makunnin jikin lagireto ne, ko rile, ko fis, aikin da rewaya zai gama kafin a sha shayi.

An bar jaki ana dukan taiki. Babban abin da ke tafasa tsofaffin motocinmu shi ne ruwan da muke ɗura musu. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da sinadaran ƙasa da ke daskarewa idan sun sha zafi, kuma ruwa zalla yana cin ƙarfe. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai wankin lagireto ya ga an ɓalle saman wani tsoho, ya san abin da nake nufi: bakunan bututun sun yi fari-fari da ɓawo, wasu sun toshe ruf da jan tsatsa, yana zura siririn ƙarfe a ɗaya bayan ɗaya, laka na fitowa. Lagireton da rabin bututunsa suka toshe rabin lagireto ne. Daga waje kuma ƙurar hunturu da ƙaiƙayin kaka sun cike tsakanin fikafikansa, iska ba ta ratsawa. Ruwan kulant, mai launin kore ko ja, ba don hana daskarewa kaɗai aka yi shi ba. Yana ɗauke da maganin tsatsa, yana kuma ɗaga ma'aunin tafasa.

Sai murfin lagireto, wanda aka fi rainawa. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100. Murfi mai lafiya yana matse shi, ya hana shi tafasa sai wajen digiri 120. Murfin da robarsa ta tsage, ko bakin da aka ɗaure da leda da tsumma, ya zubar da wannan rata gaba ɗaya, ga shi kuwa yana cikin mafi arhar kayan mota. Bayan waɗannan akwai fambel da ya saki, da wata-famfo da tsatsa ta cinye fikafikansa, da iskar da ta maƙale bayan an sauya ruwa, da tiyo mai yoyo a ɓoye, da lodin da ya fi ƙarfin mota.

Duk wannan ana iya gano shi ba da na'ura mai tsada ba. A tayar da mota da sanyinta, a riƙa taɓa tiyoyin lagireto. Idan allura ta kai tsakiya, ya kamata lagireto ya ɗauki zafi; in ya zauna da sanyi allura na ci gaba da hawa, a zargi tamostat ko wata-famfo. A kashe mota, a zare makulli, a shafa fuskar lagireto a hankali: wurin da ya yi sanyi a tsakiyar zafi toshewa ce. Idan kumfa na ta tasowa a ruwa ba tsayawa, ko ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ko ƙarƙashin murfin baƙin mai ya yi kalar shayi da madara, to magana ta koma kan tof-gaskat, kuma cire tamostat goma ba zai ɗinke shi ba. Gargaɗi ɗaya: kada a buɗe murfi mota na tafasa, kada kuma a sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi, domin kan silinda na alminiyon yakan lanƙwashe.

Ita kuwa tamostat ɗin da ake tuhuma, shari'arta mai sauƙi ce. A sa ta a tukunya da ruwa, a ɗora a wuta. Mai rai za ta fara buɗe baki kafin ruwan ya tafasa, a ga tazara ta bayyana a gefen faifanta, in an tsamo ta ta huce ta koma ta rufe. Wadda ruwa ya tafasa tana nan gum ta mutu. Haka ma za a gwada sabuwar kafin a ɗaura, kuma wannan ne amsar matsalar jabu.

Don haka, ya kai mai mota, in makanikenka ya ce a cire, ka ce masa: "Oga, mu gwada ta a tukunya tukuna." Ku kuma iyayen gidanmu na gareji, yaran da ke koyo a hannunku abin da suka ga kuna yi shi za su yi shekara talatin nan gaba. In ta mutu ku nemo mai lamba irin tata ku mayar, ku wanke lagireto, ku sauya murfi, ku mayar da fanka kan makunninta.