Tsohon Injin Buga Littafi Ba Abin Yarwa Ba Ne

A wannan mako zan ba ku labarin wani aikin hannu da ake tsammanin na maza ne kaɗai, watau gyaran tsohon injin buga littafi.

Kwanakin baya na tarar da wani ɗan ƙarami, irin wanda ake dannawa da hannu, a ɗakin ajiyar kawuna a Yelwa. Laimar tafkin Kainji ta sa ya yi tsatsa, ɓera kuma ya cinye abin shafa masa tawada. Har an yi cinikinsa da 'yan gwangwan, na roƙa aka bar mini.

Ga dalilina. Da haruffan darma irin nasa aka buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939. Da su kuma Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a Zariya a 1945, ya buga littattafan Yaƙi da Jahilci da kakanninmu suka koyi karatu da su. Yanzu kwamfuta ta karɓe aikin, injin da aka narka kuwa ya tafi ke nan.

To, duk wadda ta iya kula da keken ɗinki za ta iya wannan. Da farko ki jiƙa kusoshin da kananzir su kwana, kada ki matsa musu, gama ƙarfen zubi ne, karyewa yake yi. Ki goge tsatsa da ruwan lemun tsami, ki ɗauraye, ki busar sarai, sa'an nan ki ɗiga man keke a kowace gaɓa. Abin shafa tawada dai sai an sake sabo.

Haruffan su ne dukiyar, musamman masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, domin samunsu da wuya. A juye suke, saboda haka sai kin lura, kada ki ɗauki b a maimakon d. Ni kam sau uku ina kuskure kafin sunana ya fito daidai.

Amma fa a yi hattara. Darma guba ce, ita ce ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Kada yaro ya sa harafi a baki, kada a narka su a gida don yi wa birgi nauyi, ki kuma wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa abinci.

Yanzu da injin nan nake buga wa ɗalibaina katunan koyon karatu. In akwai irinsa a gidajenku, ko a Shanga ko a Wara, lalle ku duba shi tukuna kafin mai gwangwan ya aza shi a sikeli.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.