Kwana Nawa Maniyyi Ke Rayuwa?

Ya ku iyaye da 'yan'uwa fatake, ku sani ƙwayoyin maniyyi ba sa rayuwa sai da ɗumi da danshi. Da zarar maniyyi ya bushe a kan zane, shimfiɗa ko fata, ƙwayoyinsa sun mutu. Saboda haka mace ba ta ɗaukar ciki daga masai, tawul ko ruwan wanka.

Amma idan ɗanyen maniyyi ya taɓa bakin farji, ciki na iya shiga ko da ba a sadu ba, duk da cewa ba kasafai ba ne.

A cikin jikin mace kuwa, ƙwayoyin kan kai har kwana 5 da rai suna jiran ƙwai, wanda ba ya wuce awa 24 bayan fitowarsa. Don haka maigidan da ya tafi fatauci ranar Litinin, matarsa na iya ɗaukar cikinsa ranar Juma'a. Kada lissafin kwanaki ya jefa zargi a gidajenku.

Idan kuna bukatar tazarar haihuwa, ku nemi ungozoma a asibiti mafi kusa, ko a wane gefen iyaka kuke.