Maɓuɓɓugan Gishiri a Ƙasar Ƙanƙara da Neman Rai a Duniyar Mars

A tsibirin Axel Heiberg da ke ƙuryar arewacin Kanada, ƙasa a daskare take har zurfin ɗaruruwan mitoci, amma akwai maɓuɓɓugan da ba sa daina gudu ko a tsakiyar hunturu. Ruwan wadda ake kira Lost Hammer yana fitowa da sanyin kusan digiri 5 ƙasa da sifili, gishirinsa da ya kai wajen kashi 24 cikin ɗari ne ke hana shi daskarewa. Masu binciken sararin samaniya sun mai da irin waɗannan wurare filin gwaji, kuma ba haka kawai ba. A 2008 na'urar Phoenix ta tarar da ƙanƙara a ƙarƙashin turɓayar Mars, tare da wani gishiri mai jinkirta daskarewar ruwa. Daga nan hankali ya karkata ga ruwan gishiri mai tsananin sanyi. Ga kuma batun kuɗi: Jami'ar McGill tana da tashar bincike a tsibirin tun 1960, zuwa can kuwa bai kama ƙafar tsadar harba kumbo ba.

Abin da aka samu ba ƙarami ba ne. A 2022 masu bincike daga McGill suka nuna cewa akwai ƙananan halittu masu rai a lakar Lost Hammer, inda iskar shaƙa kusan babu, suna cin abinci daga iskar methane da sinadaran farar wuta. Masu suka na cewa waɗannan halittu gadon duniya ce mai cike da rai, sun saba da wuya ne kawai, ba a can rai ya faro ba. Sun ƙara da cewa nauyin iskar Mars bai kai kashi 1 cikin ɗari na tamu ba, don haka ruwa ba ya zama a sarari. Suna da gaskiya, kuma ɗoki ya taɓa yi wa masana illa: zane-zanen gangaren Mars da NASA ta danganta da ruwan gishiri a 2015, binciken 2017 ya nuna sun fi kama da zubar busasshen yashi.

Sai dai sukar ta taɓa zuzutawa ne, ba aikin ba. Na'urar da ta kasa gano rai a wurin da aka tabbatar yana nan, kaɗan ne kuma a ɓoye, shirunta a Mars ba hujja ba ce. Maɓuɓɓugan sun kuma nuna a duba ƙarƙashin ƙasar Mars, inda motar binciken Turai, Rosalind Franklin, za ta haƙa har mita 2. Amfaninsu gwada kayan aiki ne. Wanda ya kafa hujja da su cewa akwai rai a Mars ya yi azarɓaɓi.