Ƙarfe Da Ƙota: Lura Da Bindigar Farauta

Bayan kaka, mafarauta a Dogon Daji da ƙauyukan Tambuwal da Kebbe sukan sauko da bindigoginsu na toka. Wata bindigar ta yi wata biyar a rataye. Kafin a ɗura mata albarushi, akwai abin dubawa: yadda ƙarfe ya zauna a jikin ƙota.

Bindigar toka aikin mutum biyu ce. Masassaƙi ke fitar da ƙota daga itace mai tauri. Maƙeri ke da aikin ƙarfe. Ƙarfe da itace suna haɗuwa a wuri uku. Na farko, kwarin da bututu yake kwanciya a ciki. Na biyu, zobba da ƙusoshin da ke riƙe bututun. Na uku, gurbin kunama.

Me ke sa su saki juna?

Itace yana shan laima, ƙarfe ba ya sha. Da damina ƙota takan kumbura. Da hunturu sai ta bushe ta motse. Kowane manomi ya san haka, domin a lokacin ne gatari yake girgiɗi a ƙotarsa. Haka abin yake ga bindiga.

Idan aka yi harbi, bututu yakan yi baya da ƙarfi. Ƙota ce ke tare shi. In sun zauna daram, ƙarfin yakan bazu a jikin itacen. In akwai tazara, ƙarfen yakan doki itacen kamar ana faskare. A hankali ƙota ta tsage. Wata rana sai ta karye a hannun mai ita, kusa da fuskarsa. Ta haka ake rasa ido ko yatsu. Sakakkiyar kunama kuma tana iya tashi ba a taɓa ta ba.

Alamomin haɗari

Da farko a tabbata babu ɗuri a ciki. A juya bakinta inda babu kowa. Sannan a duba waɗannan:

1. Bututu yana motsi in an girgiza shi.
2. Tsaga a ƙota, musamman bayan kunama.
3. Tsatsa a ƙarƙashin zobba.
4. Ramin gara, ko garin itace yana zuba.
5. Ƙusa ta yi sako-sako ko ta ɓace.

In an ga ko ɗaya, a ajiye bindigar. Kada a ɗaure ta da waya ko roba. Ɗauri yana ɓoye tsaga ne kawai. Kada a jiƙa ƙota a ruwa kamar ta gatari, domin tsatsa za ta ci ƙarfen. Kada a buga sabuwar ƙusa, tsagar za ta ƙaru.

Abin da doka ta ce

Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izini ba. Bindigar toka ma tana ciki. Saboda haka mai bindiga ya nemi bayani a ofishin 'yan sanda kan lasisi da mai gyara da aka amince da shi.

A ajiye ta babu ɗuri, a busasshen wuri, nesa da yara. Rigakafi ya fi magani.