Bar 15 ko bar 20: abin da ke faruwa a cikin injin espresso

Masu tallar kayan kicin a intanet sun samu abin tinƙaho. Wannan injin espresso "bar 15" ne, wancan "bar 20", mai saye kuma ya ɗauka wanda lambarsa ta fi girma shi ya fi iya haɗa gahawa. Har musu ake yi a kai, alhali lambar ba abin da take nufi ke nan ba.

Injinan farko na Italiya, irin wanda Angelo Moriondo ya yi wa rajista a Turin a 1884 da na Luigi Bezzera a Milan a 1901, da tururi suke tura ruwa, matsinsu bai wuce bar 2 ba (bar ma'aunin matsi ne). Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Achille Gaggia ya kawo inji mai mariƙi da sifirin da ke danna ruwan da ƙarfi, daga nan kumfar nan mai ruwan ƙasa ta fara hawa saman kofi. A 1961 kamfanin Faema ya fito da E61 mai famfon lantarki da ke aiki a kan bar 9, kuma har gobe a nan masu sana'ar suka tsaya.

A injin gida, wani ɗan famfo ne ke zuƙo ruwa daga tanki. Maganaɗisun lantarki ke jan wani guntun ƙarfe gaba da baya sau 50 ko 60 a daƙiƙa, shi ne gurnanin da ake ji. Ruwan ya ratsa tukunyar dumamawa ko dunƙulen ƙarfe mai siririn bututu a ciki, ya kai digiri 90 zuwa 96, sannan ya sauka kan garin gahawar da aka danne a ɗan kwando.

To, 15 ɗin da ke jikin kwali iyakar ƙarfin famfon ne idan an toshe masa hanya ruf. Famfo turo ruwa kawai yake yi. Matsi ba ya taruwa sai ruwan ya gamu da abin da ya tare shi. Duk mai ban ruwa da tiyo ya san ruwan salalo yake zuba har sai ya ɗora yatsa a bakin tiyon. Garin gahawa shi ne yatsan. In niƙan ya yi tsaki-tsaki, ruwa zai wuce cikin 'yan daƙiƙu, a samu abu salam mai tsami, ko da famfon bar 20 ne. In ya yi laushi fiye da kima, sai ɗigo-ɗigo da ɗaci. Abin da ake nema shi ne kofin ya kammala cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Injinan kirki ma suna da bawul da ke mayar da rarar ruwa tanki da zarar matsi ya wuce iyaka, wato ƙarin ƙarfin da aka biya wa kuɗi zubar da shi ake yi da gangan.

Masu araha kuwa dabara suke yi: kwandonsu ƙasa biyu gare shi, da 'yar huda ɗaya tak, sai ruwa ya feso ya yi kumfa ko da garin ya shekara a kanti. Mai talla ba zai faɗa maka wannan ba, ba zai kuma ce ka ware kuɗin maniƙa mai kyau ba, ko ya gargaɗe ka cewa ruwan burtsatse mai gauri yana tara farin dutse a siririn bututun nan har ya toshe shi.