Wayar Hannu da Tukunyar Miya: Bibiyar Abinci a Unguwannin Hausawan Duwala

Abin da ake kira manhajar bibiyar abinci tsari ne da ake sakawa a wayar hannu domin rubuta abin da mutum ya ci ko awon jikinsa, sannan a lissafa ko abin da yake samu ya wadace shi. Iri biyu ce, kodayake jama'a kan yi musu kuɗin goro. Ta farko ita ce wadda mutum ke saukewa don kansa, irin su MyFitnessPal da ta fito a Amurka a 2005, inda mai waya ke shigar da duk abin da ya kai baki, ita kuma ta ƙidaya masa kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Ta biyu ita ce wadda hukumomin lafiya ke damƙa wa ma'aikatansu domin tattara bayanan yara da mata gida-gida, a aika su wuri guda, a gane inda tamowa ko ƙarancin jini ke neman yin katutu. Wannan ta biyun ce ta fi shafar unguwannin Hausawa na Duwala, kuma ita ce aka fi ƙarancin yin bayaninta.

New Bell, unguwar Duwala wadda ta samo asali daga korar da Jamusawa suka yi wa mutanen gidan sarautar Bell daga bakin kogin Wuri a wajajen 1914, ta zama masaukin baƙi tun zamanin Faransawa, kuma a nan fatake da mahauta da teloli Hausawa suka kafa unguwarsu, kafin birni ya faɗaɗa wasu iyalan su koma wasu unguwanni. Matsalar abincin waɗannan gidaje ta sha bamban da ta 'yan uwansu na Garwa da Marwa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Kamaru a 2018 ya nuna cewa kashi 29 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, amma yayin da adadin ya kai kusan huɗu cikin goma a Jihar Arewa, a Duwala bai wuce kusan ɗaya cikin goma ba. Abin da ya fi addabar birnin shi ne ƙarancin jini, wanda binciken ya samu a jikin fiye da rabin yaran ƙasar, tare da ƙiba da hawan jini da ciwon sukari a tsakanin manya, har ta kai gida ɗaya kan ƙunshi uwa mai teɓa da yaron da jininsa bai kai ba. Manhajar da aka ƙera don farautar yaran da suka rame kaɗai za ta wuce mafi yawan wannan ba tare da ta gani ba.

Kamaru tana da misali mai kyau na yadda sanin abin da mutane ke ci yake juya akalar gwamnati. A 2009 ƙungiyar Helen Keller International da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, tare da Ma'aikatar Lafiya, sun bi gidaje suna tambayar mata abin da su da 'ya'yansu suka ci, domin a gano abincin da ya fi shiga kowane gida. Bisa wannan ne aka wajabta a 2011 ƙara bitamin A a man girki da aka tace, da ƙara sinadarin ƙarfe da zinki da folik asid da bitamin B12 a fulawa. Da aka sake awo a Yawunde da Duwala a 2012, an ga sinadaran da aka zuba a fulawa sun ƙaru a jinin mata da yara, amma matsayin bitamin A bai sauya ba. Sakamakon ya dace da rayuwar birnin, domin burodin mai shayi da fanken da ake haɗawa da wake da koko da safe duk daga fulawar nan suke. Abin da manhaja ke ƙarawa a irin wannan aiki shi ne sauri da rage kuskure, tunda bayanan da a da sukan yi watanni a kwali kafin a shigar da su kwamfuta yanzu suna iya isa ofis a ranar da aka ɗauke su.

Sai dai wahalar tana cikin tukunya. Hanyar da masana suka fi amfani da ita ita ce tambayar mutum duk abin da ya ci daga safiyar jiya zuwa safiyar yau, kuma akwai manhajoji da aka gina a kanta, kamar INDDEX24 ta Jami'ar Tufts, wadda aka gwada a Burkina Faso da Biyetnam. Kowace irin wannan manhaja tana dogara ne da jadawalin sinadaran abinci, wato littafin da ke faɗin abin da ke cikin giram 100 na kowane abinci. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019, kuma yana da amfani ga gero da dawa da kuka da kuɓewa. Amma matar New Bell tana girki ne a mahaɗar al'adu biyu: yau tuwon masara da miyar kuka, gobe ndole, wato miyar shuwaka da gyaɗa, da miyondo na rogo da aka naɗe a ganye, jibi gwaza da manja. Miya kuwa ba abu ɗaya ba ce, domin ta ranar da maigida ya yi ciniki a kasuwar Kongo daban take da ta ƙarshen wata, ko da sunansu ɗaya. Manja da dunƙulen magi da gishiri, waɗanda su ne suka fi tasiri ga hawan jini da ƙiba, da ido da hannu ake auna su, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini ba, adadin da ba ya kai cikin ƙaramin cokali sosai.

Ga kuma batun cin abinci a kwano ɗaya. Idan yara huɗu suka zagaye faranti, babba ya yi loma uku kafin ƙarami ya gama ta farko, ba uwar da za ta iya faɗin giram nawa kowa ya ci, kuma hoton da waya za ta ɗauka na farantin ne, ba na cikin yaron ba. An gwada manhajar FRANI mai gane abinci ta hoto a tsakanin 'yan mata a Gana da Biyetnam, kuma ta yi abin a yaba, amma sai an koya mata hotunan abincin wurin tukuna. Saboda haka ma'aunin da ya fi dacewa da irin waɗannan unguwanni shi ne mai sauƙi da aka tsara don mata, wanda ya kasa abinci gida goma, ya ɗauki macen da ta taɓa aƙalla biyar a yini a matsayin wadda abincinta ya bambanta yadda ya kamata. Fanke da wake da koko gida biyu ne kacal, tunda fanke da koko duk hatsi ne, yayin da ndole da kifi da miyondo kan kai huɗu. Wannan lissafi ne da ma'aikaciyar lafiya za ta gama a zaure cikin mintuna kaɗan.

A wajen yara ƙanana, aikin waya yana farawa ne bayan na tef ɗin awon damtse, ɗan siririn ma'auni mai launi uku da ake zagaya wa hannun yaro tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Idan ya tsaya ƙasa da milimita 115 ya faɗa ja, alamar tamowa mai tsanani. Tsakanin 115 da 125 rawaya ne. Ƙungiyar ALIMA ta nuna a Mirriya ta jihar Damagaram cewa iyaye mata na iya yin wannan awo da kansu ba tare da sun gaza ma'aikata ba. Kamaru tana gudanar da makon lafiya da abincin uwa da yaro, wanda ake kira SASNIM, inda ake raba bitamin A da maganin tsutsar ciki, kuma rahotannin asibitocinta, har da na gundumar lafiya ta New Bell, suna shiga rumbun DHIS2 da Jami'ar Oslo ta ƙirƙira. Inda manhaja ta fi amfani shi ne riƙe sunan yaron da aka fara wa magani, ta tunatar da ma'aikaci idan uwar ba ta dawo ba, ta kuma sanar da ofis kafin kwaɓin gyaɗar da ake bai wa masu tamowa ya ƙare a shago. A unguwar da lungunanta ba su da lamba, iyalai kuma kan tafi arewa sallah ko biki su yi watanni, wannan riƙo ba ƙaramin abu ba ne. Amma idan waya ta nuna ja, asibiti kuma ba magani, an ƙara wa uwa fargaba ne kawai.

Sauran cikas sanannu ne: kuɗin data, ɗaukewar wuta, da kasancewar babbar waya sau da yawa a aljihun maigida take, alhali mai girkin ce ta san abin da ya shiga tukunya. Harshe ma yana ciki, domin manhajar da ke magana da Faransanci kaɗai tana buƙatar tafinta a gidan da ake Hausa da Fillanci, kuma saƙon murya ya fi rubutu isa ga irin waɗannan gidaje. Batun sirri ya fi waɗannan nauyi. A 2018 an sace bayanan kusan mutum miliyan 150 masu amfani da MyFitnessPal, kuma Kamaru ta kafa dokar kare bayanan mutum a Disambar 2024, wadda ya kamata kowane shiri ya bi kafin ya rubuta sunan yaro da awonsa da wurin kwanansa.

Akwai kuma kalanda, wadda masu tsara bincike daga nesa kan manta da ita. Tambayar “me kika ci jiya” a watan azumi za ta kawo kunu da ƙosai da dabino da abincin sahur, a makon babbar sallah kuma za ta nuna unguwa mai cin nama safe da yamma. Duk manhajar da za a yi aiki da ita a New Bell tana buƙatar gurbin da ke nuna ranar Hijiriyya kusa da ta Miladiyya, domin mai karanta alƙaluman a Yawunde ya san wace irin rana aka auna.