Allon Mota Ma Yana Buƙatar Mai Karatu

Kowa ya san a-kori-kura, motar nan mai buɗaɗɗen baya. A ƙasarmu ta Matameye ita ce jakin wannan zamani. Ita ke kwaso rake daga fadamun Dungu. Ita ke kai gero da wake da tumatir kasuwa, ta bi hanyar Takeita zuwa Damagaram, ko ta nufi Ɗan Barto. Idan naƙuda ta yi wa mace gardama cikin dare a ƙauye, sau da yawa ita ake tasowa. Saboda haka lafiyar wannan mota ta shafi aljihun manomi, ta kuma shafi ran iyalinsa.

Yau za mu yi magana a kan wurin da direba ke zama: sitiyarin da ke hannunsa, wanda wasu ke kira bolan, da allon agogunan da ke gabansa.

Yadda allon ya mutu

Dattawa suna tuna Peugeot 404 da 504. An buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a shekarar 1975, kuma motocinta sun daɗe suna ratsa iyaka. Daga baya Toyota Hilux ta mamaye hanya. Yawancin waɗanda ke iso mana na hannu ne, sun riga sun sha aiki a wata ƙasa. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan gyara suka yi tsada. Tun daga lokacin masu mota da yawa suka ɗauki wata ɗabi'a: abin da bai hana mota tafiya ba, ba a gyara shi. Taya da birki da batir sun samu kulawa, allo kuwa aka bar shi ya mutu. Har yanzu ku leƙa tasha ku gani. Allurai sun kwanta, fitilu sun ƙone, wani ma ya liƙa hoto a kan gilashin.

Mun ga sakamakon wannan da idonmu. Wata bazara muna komawa gida daga duba azuzuwan yaƙi da jahilci, muka shiga wata a-kori-kura. A wani ƙauye aka ɗora mana mace mai doguwar naƙuda, za a kai ta asibitin Matameye. Muna tsakiyar rairayi sai tururi ya turnuƙe gaban mota, injin ya mutu. Ashe tiyon ruwa ya daɗe yana yoyo. Agogon zafi kuwa, in ji yaron mota, ya yi shekaru bai motsa ba. Da amalanke aka ƙarasa da matar bakin kwalta. Allah ya kiyaye, ta sauka lafiya. Mai motar kuma sai da ya sayar da sa kafin injin ya sake tashi. Kuɗin sabon agogo bai kai na ɗan akuya ba.

Abin da allon ke faɗa

Allon mota karatu ne, kuma bai fi ƙarfin wanda ya iya lambobi ba. Launi shi ne darasin farko. Jar fitila tana cewa a tsaya. Mai ruwan ɗorawa tana cewa a kai mota a duba ta. Kore da shuɗi labari kawai suke bayarwa, kamar cewa fitilar hanya a kunne take.

Hoton ƴar buta mai ɗigo na baƙin mai ne. Idan ya kama ja ana cikin tafiya, man ba ya zagaya injin da ƙarfin da ya kamata. A kashe mota nan take, domin tafiyar ƴan mintoci ta isa injin ya buga. Hoton batir yana nufin batir ya daina samun caji. A tsofaffin motoci, bel ɗin da ke juya na'urar caji shi ne ke juya famfon ruwa. Ke nan idan bel ya tsinke, zafi na nan tafe.

Agogon zafi kuwa, gurbin allurarsa tsakiya ne. Idan ta doshi ja, a tsaya a bar injin ya huce. Kada a buɗe murfin lagireto yana da zafi, don ruwan ciki yana iya wuce maki 100, ya yi tsartuwa a fuska. In tsautsayi ya sa wani ya ƙone, a riƙa zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai sanyi har minti 20, sannan a nufi likita. Kada a shafa baƙin mai, ko man goge haƙori, ko toka.

Ga wata jarrabawa da ba ta cin ko dala. A murɗa makulli ba tare da an tayar da injin ba. Fitilun gargaɗi su kama gaba ɗaya, sannan su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ta ƙi kamawa, ko ta ƙone, ko wani ya cire ta don ya ɓoye cutar mota. Duk ƙungiyar manoman da za ta sayi mota ta yi wannan kafin ta ƙirga kuɗi.

Sa wa tsohuwar mota sababbin agoguna

A tsohuwar mota aikin ba shi da wuya. Ana sayar da agogon zafi, da na baƙin mai, da na batir, kowanne shi kaɗai. Mai gyaran wutar mota zai ɗaura su kusa da sitiyari. Sai dai kowane agogo yana da abokin aikinsa, wato ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a jikin injin ko cikin tanki, mai aiko masa da labari. Dole su zama ƴan gida ɗaya. Idan aka ciro allo daga wata irin mota aka haɗa shi da ƙarfen wata, allura za ta motsa, amma ƙarya za ta riƙa yi. Tanki ya kusa ƙafewa, ita tana nuna rabi. A ganinmu gara mataccen agogo da maƙaryaci, don matacce ba wanda ya dogara da shi.

Kowace sabuwar waya a bi da ita ta fiyus. Fiyus ɗan ƙaramin abu ne da ke ƙonewa domin kada mota ta ƙone. Akwai lamba a bayansa, kamar 10 ko 15 ko 20. Wanda ya mutu a maye shi da mai lamba irin tasa. Masu naɗa zaren waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa, gobara suke gayyata, balle a motar da ke ɗauke da jarkokin fetur.

Motocin baya-bayan nan kuwa daban suke. Akwai kwamfuta a cikinsu, kuma allo da injin da birki suna aika wa juna saƙo ta wayoyi. Wanda ya yanka waya bisa kirdado yana iya rikita motar duka. Tun 1996 dokar Amurka ta tilasta a sa wa motoci wata kafa a ƙarƙashin sitiyari, inda ake soka na'urar da ke karanta cutar mota. Turai ta bi baya. Wanda za a ba irin wannan mota, a fara tambayarsa ko yana da na'urar.

A kula da agogon gudu kuma. Motar da ta fito daga Amurka da mil take lissafi. Mil 1 ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi. Direban da ya ga 60 ya ɗauka kilomita ne, alhali yana gudun kusan kilomita 97 a awa. Ƙananan lambobin da ke ciki su ne kilomita.

Maɓallai a kan sitiyari

Yanzu samarin direbobi sun shiga yayin rediyo mai gilashi kamar talabijin, da sitiyari mai maɓallai. Da babban yatsa direba zai ƙara murya, ko ya amsa salula, hannunsa bai bar sitiyari ba. Ana iya sa wa motar da ba ta zo da su ba, amma aikin ya fi yadda ake zato.

Sitiyari juyawa yake yi, wayoyi kuwa a tsaye suke. Don haka a bayansa akwai wata siririyar waya mai faɗi, naɗe cikin gwangwani kamar gammo. Tana warwarewa tana naɗewa yayin da ake juya sitiyari. Ta cikinta wutar oda ke bi, da ta maɓallai, da ta jakar iska. Idan gammon motar ba shi da isassun layuka, sai an canja shi. Kuma sai an daidaita shi a tsakiya, tayoyi suna kallon gaba, kafin a ɗaura. In ba haka ba, ranar da aka karya kwana sosai zai tsinke. Daga nan oda ta mutu, jakar iska ma ta mutu.

Jakar iska ita ce ke fitowa daga tsakiyar sitiyari lokacin karo, ta tare ƙirji da fuska. Da ƙarfin gaske take fashewa, cikin ƙiftawar ido. Kafin a taɓa ta, a cire kan batir, a jira aƙalla minti ɗaya da rabi. Mahaɗin wayarta yawanci ruwan ɗorawa ne, kuma ba abin gwaji ba ne ga ɗan koyo. Sitiyarin da aka ciro daga motar da ta yi haɗari yana iya zama fanko, an gyara murfin kawai. Jakar kuma ba ta maye gurbin ɗamarar kujera, tare aka yi su su yi aiki.

Shin maɓallan suna rage haɗari? Kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma bisa yawan jama'a abin ya fi muni a Afirka. Ta ce mai tuƙi yana amfani da salula ya ninka waninsa kusan sau 4 wajen yiwuwar yin haɗari. Ta ƙara da cewa magana ba tare da riƙe salula ba ba ta rage haɗarin sosai. Hannu yana kan sitiyari, hankali yana wajen cinikin rake. Kallon fim a gilashin rediyo ana tafiya kuwa, wannan ganganci ne da rayukan mutane.

Cikin kayan yayin nan, wanda muka fi yabawa shi ne kyamarar baya. Idan aka yi wa a-kori-kura lodin buhuna, madubin ciki ba ya ganin komai. Yara kuma suna son raɓewa a inuwar mota. Kyamara tana nuna wa direba bayansa da zarar ya sa giyar baya. Amurka ta wajabta ta a kan sababbin motoci tun 2018. A nan ƙura tana rufe idonta, sai a riƙa gogewa, kuma yaron mota ya ci gaba da sauka yana dubawa.

Ga mai ƴan kuɗi kaɗan, shawararmu ita ce ya fara da agogon zafi da fitilar baƙin mai. Sai oda, a mai da ita tsakiyar sitiyari inda hannu zai same ta da sauri, maimakon wayoyi biyu tsirara da ake haɗawa. Bayan nan agogon gudu. Rediyo da maɓallai su jira kaka mai zuwa.

Muna roƙon malaman azuzuwa su zana hoton buta da na batir da na agogon zafi a babban allo a wannan mako. Inda akwai direba cikin ɗalibai, a roƙe shi ya kawo motarsa bakin aji, a murɗa makulli, kowa ya ƙirga fitilun da suka kama.